Doki Ɗari Huɗu a Tsakar Gida

Duk gidan da Allah ya ba ɗa irin Injiniya, ya gama masa komai. Bai taɓa shiga ajin injiniyoyi ba, sito yake tsarewa a wani ofis, amma wa ya isa ya tambayi mai basira takarda? Yana jin ƙarar mota daga nesa zai gaya maka ciwonta. In bakanike ya duba ya sami wani ciwon daban, to motar ce ta yi ƙarya.

Babansu ya rasu ya bar mota, baƙa, mai hancin agwagwa, ta ba shekara arba'in baya. Ba ta gudu, ba ta kuma taɓa kwana a hanya ba. Ita ke kai Inna asibiti duk Litinin a gwada mata jini, yayarsa ke tuƙawa. Injiniya dai ya dube ta wata safiya, tausayi ya kama shi.

"Yaya, wannan mota zakanya ce aka sa wa zuciyar kaza. Zan ceto ta."

"Ka ceto ta ran Lahadi, Litinin muna da asibiti."

Wata biyar ke nan da wannan Lahadin. An ciro injin Baba da kaca an jingine shi bayan banɗaki. An kawo wani mai silinda takwas, ƙarti shida suka sauke shi suna nishi. Fistin da zobba suka cika tabarmar Inna. Babbar robar wankin Yaya ta koma ta wanke fulogi. Bakaniken da aka ɗauko, dattijo ne mai ƙarancin magana, shi ke ɗaurawa da kwancewa. Injiniya kuwa ya sha farar rigar aiki, ko ɗigon baƙin mai babu, yana riƙe da sifana yana nuni da ita.

"Ƙarfin doki ɗari huɗu! Ku talakawan tuƙi ba za ku gane ba. Ranar da ta hau titi, duk motar da ta wuce ta, ku canja mini suna."

Ita kuwa Inna, duk Litinin Yaya ke riƙo hannunta su taka har bakin titi, su tsaya a rana jiran motar haya. Aka gaya wa Injiniya. Ya ce ci gaba ba ya samuwa sai da sadaukarwa.

Ranar fitowa ya gayyato abokan ofis, aka jera kujeru. Ya murza makulli. Gilasan taga suka yi rawa, kajin maƙwabta suka daina ƙwai. In ka ji ganga na zaƙi, ka san sauran. Ya sa giya, ta tako a hankali, hanci a ƙasa kamar mai neman allura, don nauyin injin ya danne ƙafafun gaba. A bakin get akwai tudun siminti da Baba ya yi don tare ruwan sama, tsayinsa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ƙasan injin ya same shi, ƙwas! Baƙin mai ya malalo har ƙarƙashin kujerun baƙi.

Bakanike ya leƙa ya ce, "Ranka ya daɗe, ko an liƙe inda ya fashe, ba za ta haye ba."

"A fasa tudun!"

Inna ta ɗaga labule. "Ɗan nan, tudun nan ne ya hana ruwa shiga ɗakina. Taɓa shi ka gani."

Yaya ta ce a mayar da injin Baba. Bakanike ya sosa ƙeya: an yanke mazauninsa da wuta tun watan farko, don a samar wa sabon wuri.

An liƙe, an tura ta baya. Yanzu duk Asabar Injiniya kan sa farar rigarsa ya tayar da ita, ya taka totur minti goma a tsakar gida, ya kashe. Inna na nan tana jiran motar haya. Amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta: mutumin ya cika alkawari. Har yau ba a sami motar da ta wuce ta ba.