Nomau Mai Gadin Dashe

Ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe, Malama Turai, mai kula da ƙungiyar ɗalibai masu dashen itatuwa a Kukar Bawa, ta yi sallama a gidan Nomau. Su biyu ne a gidan, shi da yayarsa Lantana da ke riƙe da shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Dagaci ya ba ƙungiyar fili a bakin kwazazzabo, da sharaɗin in shekara ta zagayo babu itace ɗari a raye, masu buga bulo za su karɓe shi. Mai gadi take nema.

"Zai iya, Malama," in ji Lantana, "amma ki riƙa auna maganarki. Abin da kika faɗa shi zai yi, ba ƙari ba ragi."

Wata rana Malama ta ce masa kowane dashe bokiti ɗaya na ruwa kullum da safe. Washegari aka tashi da ruwan sama mai ƙarfi. Lantana ta tarar da shi a filin da buhu a ka, yana bin layi yana zubawa.

"Kai Nomau, ba ka ganin ruwa ake yi?"

"Na gani, Yaya. Ai wannan ba a bokiti yake ba."

Wata rana Malama ta ce ya tsaya a ƙofar shinge, kada dabba ta wuce shi. Awaki suka samu kafa ta baya, suka yini suna kiwo, shi kuwa yana tsaye ƙyam yana kallonsu.

"Ko ɗaya ba ta wuce ni ba, Malama."

Cikin dashe ɗari da ashirin, saba'in suka rage.

Wata rana ya raka ɗalibai dutse kallon tsuntsaye. Malama ta ce ashirin ya tafi da su, ashirin zai dawo da su. A hanya kawun wata yarinya ya ɗauke ta a babur. Da la'asar sai ga Nomau da yara sha tara, ga wata tsohuwa mai fura a bayansu tana haki, ta nufi Malama.

"Ɗiyata, ƙwaryata ya riƙe, wai sai na cika masa ashirin."

Wata rana da kaka, Malama ta ce ya nome filin tas, amma kada ya taɓa itace ko ɗaya. Da ta dawo bayan mako biyu, ta ga ya bar duk tohon da ya fito daga tsofaffin kututturai, kalgo da sabara da aduwa da magarya, har yana ba su ruwa.

"Nomau, wannan noma ne ko daji?"

"Su ma itatuwa ne, Malama. Ƙanana ne dai."

Ta dafe kai ta tafi.

Rani ya yi tsanani. Ranar da dagaci ya zo dubawa, Malama ta ƙirga dashen ƙungiya sau biyu, arba'in da ɗaya. Masu bulo har sun fara auna wurin sauke yashi. Dagaci ya ɗauki sandarsa ya shiga da kansa, yana taɓa duk abin da ya yi ganye.

"Ranka ya daɗe, waɗancan ba mu muka dasa ba," in ji Malama.

"Itace a raye na ce, Malama. Ban tambayi wanda ya dasa ba."

Ya samu ɗari da talatin da shida. Filin ya zauna a hannun ƙungiya, Nomau kuma ya ci gaba da gadi.