Rasuwar Kwamfutar da Ta San Shekarun Jason

"Mama, tunda kwamfutar ta mutu, yanzu na girma ke nan?"

Da wannan tambayar ta ɗanta a kunne, da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta har baki, Madam Afiniki Kumai, uwar Jason mai shekara tara, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar 'yar kwamfutar hannu ta gidan motsa jikin unguwarsu a Kafanchan. Ta huta ranar Talata bayan gajeriyar rashin lafiya.

Marigayiyar ce ke kama wa membobi wuri. Mai son injin gudu ko rawar motsa jiki ko ɗakin ɗaga ƙarfe, sai ya bi ta wurinta. An saka mata shekarun kowa, an gaya mata yaron da bai kai sha biyar ba, ba ya shiga ɗakin ƙarfe. Ta riƙe wannan magana fiye da yadda wasu ke riƙe alkawarin baftisma. In ta yarda, ta ce "tin". In ta ƙi, ta ce "ɓuut", fuskarta ta yi ja. Ba ta san ɗan fasto ba, ba ta san jikan hakimi ba. A duk garin nan ita kaɗai ke ce wa Jason a'a, ya yi mata murmushinsa, ba ta canja ba. Ubansa ma bai iya ba.

Ciwon ajali ya same ta ne a hannun Dattijo Azariya, mutumin kirki, shugaban kwamiti a ikilisiya. Ya kawo jikansa ɗaga ƙarfe, ta ce "ɓuut". Ya yi mata bayanin ko shi wane ne da makullin babur har fuskarta ta tsage, kofin kununsa kuma ya ƙarasa bayanin. Rufus mai tsaron wurin ya yi jinya iya iliminsa: ya shanya ta a kan kwano tare da cittar maƙwabta. Cittar ta bushe sarai.

Ta bar caja ɗaya da ba ta shiga wayar kowa, da kwali, da iyaye mata masu fargaba. Ta kuma bar magaji, wato Rufus, wanda yanzu yake auna shekaru da kafaɗarsa. Duk yaron da ya kai ta, ya girma. Rufus kuwa, Ubangiji ya yi shi gajere, Jason kuma ya ɗauko tsayin dangin uwarsa na Kagoma. Jiya Afiniki ta tarar da shi kwance a benci, ƙarfen da ya fi shi nauyi yana rawa a saman wuyansa, Rufus na gefe yana tafi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, bayan motsa jikin safe, a shagon mai gyaran waya, wanda zai cire abin da zai cire. Babu anko, babu shinkafa. Dattijo Azariya ba zai yi jawabi ba.

Kai kuma mai karatu, kafin mai gidan ya sayo wata, in ka ga dogon yaro mai giɓi ya nufi ɗakin ƙarfe, juyo da shi. In ka buɗe masa ƙofa, uwarsa tana sayar da doya a tsallaken titi, tana kallonka, kuma ita ba ta tsayawa a "ɓuut".