Ranar da Aka Ga Fuskar Ciwon Huhu a Kasuwar Filinge

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a kasuwar shanu ta Filinge ba, kuma ko na so in manta, mutanen ƙasarmu ta Kurfai ba za su bar ni ba. Har gobe idan na ratsa ta bakin kasuwa a kan babur sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Ciwon Huhu, an wuni lahiya?" Ni kuma in ɗaga masa hannu in wuce abina. Tunda kowa yana ba da labarin nan yadda ya ga dama, har da waɗanda ba sa wurin, gara ku ji shi daga bakin mai shi.

Ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne (likita ake ce mini, ban kuma taɓa gyara wa kowa ba). Ina da wata tsohuwar kwamfuta da nake ji da ita fiye da babur ɗina. Kullum da la'asar muna zama fada a ƙofar shagon Rabe mai buga takardu, muna shan shayi, kuma a shekarar nan ba mu da zance sai na mizajur, wato sabon tsarin da masu kwamfuta ke turo mata ta intanet, wai don su gyara ta. An yi ta sanarwa cewa wani babba yana nan tafe. Mushe Isaka, malamin lissafi a kwaleji (mushe muke ce wa malamin boko a nan), jiran sa yake yi kamar mai jiran ganin watan salla.

"Wanga da za shi hito," in ji Mushe, "an ce duk matsalolin ga ya gyara su. Babu sauran ta tsaya cak tana kallon ka, babu sauran shan batir."

"Hakanan anka ce bara," in ji Rabe. "Da na sa shi, injin ga ya yi sati bai san ni ba. Takarda ta shiga hwara, ta hito hwara."

Ni ne shugaban masu taurin kai a fadar. Tawa kwamfutar tana da nata ciwon: da zarar an haɗa ta da majigi sai sauti ya ɗauke. Amma na san halinta, in na zare waya na sake sokawa sai ya dawo. Matsalar da na sani na iya zama da ita, ina ruwana da wadda ban sani ba? Duk lokacin da ta tambaye ni ko ta sabunta kanta, sai in danna "daga baya" da ƙarfi, har da ɗan tsaki. Na faɗa a gaban kowa cewa ko masu ita sun tako da ƙafarsu har Filinge, ba zan danna ba. Mushe ya ce wata rana za ta daina tambayata. Na ce ranar ta zo ta same ni.

To, ana cikin haka ciwon huhu ya ɓulla a garkunan wajen Sanam. Cuta ce mai bin numfashi, kuma damina ta kusa, lokacin da shanu ke haurawa arewa su cakuɗu a bakin rijiyoyi da tafkuna. In ba a yi musu allura kafin su tashi ba, asarar sai dai a yi ta'aziyya. Matsalar ita ce Rugga Altine, dattijon da makiyayan yankin ke jin maganarsa. Wata shekara an yi allura wuyan wasu shanunsa ya kumbura, tun daga nan ya rufe ƙofa. Idan ya ce a'a, ko maraƙi ɗaya ba za mu gani ba. Na je har masaukinsa na yi bayani har bakina ya bushe, shi kuwa yana ta gyara zaman rawaninsa.

"Likita," ya ce, "kullum ku ce ƙwaya, ƙwaya. Ni na tsuhwa cikin shanu ban taɓa ganin ta ba. Ina take?"

Na ce ya zo ran kasuwa da mutanensa, zan nuna masa ita da idonsa. Ba cika baki na yi ba. Wani abokin aikina a Yamai yana da bidiyon da ke nuna ƙwayar an girmama ta, da huhun saniyar da ta ci. Ranar Asabar na haɗa kwamfutata da intanet ɗin shagon Rabe don in sauko da shi. Ya ɗauki lokaci, na sha shayi har na uku ina jira. Abin da ban sani ba shi ne, yayin da bidiyon ke shigowa ta ƙofa, mizajur ɗin nan yana shigowa ta taga. Da na zo kashe ta na ga ta rubuta wani abu, amma ban karanta ba, na rufe murfin na sa a jaka (wannan kam na yarda, nan na yi sake).

Ran Lahadi bayan azahar muka shiga wani ɗakin ajiyar dusa a gefen kasuwa. Na toshe tagogi da tabarmi, na rataya farin zanen gadon matata a bango, aka tayar da injin wuta. Mushe Isaka ne ya aro mini majigin makarantarsu, don haka ya zauna can baya a kan buhu, wai yana tsaron kayan gwamnati. Makiyaya suka cika ɗakin maƙil, sanduna a tsakanin gwiwoyi, Rugga Altine a gaba kan kujerata. Ya gaya mini tun farko cewa kafin la'asar za su tashi, shanu na jiran ruwa.

Na yi bismilla na danna maɓallin kunna kwamfutar.

Zanen ya koma shuɗi. A tsakiyarsa wasu fararen ɗigo suka bayyana suna bin juna, suna zagayawa. A ƙasansu ga lamba, ga rubutun Faransanci cewa ana sabunta tsari, kada a kashe na'ura. Na ji gumi ya karyo mini tun daga ƙeya. Na danna nan, na danna can, ko gezau. Na waiga baya na ga Mushe ya sa hularsa a baki.

Sai Rugga ya miƙa sandarsa ya nuna ɗigon nan. "Ita ta wagga?"

Ga gaskiya a bakina, ga ɗaki cike da mutanen da in suka tashi ba zan sake tara su ba sai bayan damina. Ku da kuke karantawa a inuwa kuna iya cewa da kun faɗi gaskiya. Madalla da ku. Ni dai na gyara murya na ce, "Ita ta, Rugga."

Kowa ya turo wuya. Ni kuma da na ga an shiga, sai na saki jiki. Na ce su dubi yadda ƙwayoyin ke bin juna, haka suke bin garke a bakin rijiya, daga hancin wannan zuwa hancin waccan. Na ce lambar da ke ƙasa ita ce yawan shanun da suka kamu a cikin ɗari. Lamba ta motsa, wani ya ce subhanallahi. Ta sake motsawa, wani ya fara ƙirgawa da yatsu.

Can sai ta tsaya a talatin ta ƙi gaba. Ta daɗe a nan, har na fara jin ƙarar injin wuta a cikin kaina.

"Ta mutu?" in ji wani daga baya.

Na ce ina, laɓewa ta yi. Na ce wannan shi ne mugun halinta, saniya ta yi kamar ta warke, tana kiwo, tana ba da nono, alhali cutar na kwance a huhunta tana raba wa sauran. (Wannan ba ƙarya ba ne, a makaranta aka koya mana, kuma ban taɓa bayyana shi da kyau kamar ranar ba.) Ina rufe baki zanen ya yi baƙi ƙirin, kwamfuta ta kashe kanta. Ban ko yi jinkiri ba na ce, "Saniyar ta hwaɗi." Da ta sake kunnuwa ɗigon suka dawo, na ce, "Ga ta nan ta koma cikin wata." Wallahi na ga dattijo yana girgiza kai, idonsa ya kawo ruwa. A can baya kuwa buhun da Mushe ke kai sai motsi yake yi.

Lamba ta haura tamanin. Rugga bai ɗauke ido daga zanen ba ya ce, "In ta kai ɗari hwa?"

Lissafina shi ne, da ta gama zan yi wuf in buɗe bidiyon, su ga huhun da ya ruɓe, komai ya haɗu. Don haka na ɗaga murya na ce, "In ta kai ɗari, Rugga, za ku ga cutar da kanta, ta girma ta ƙoshi. Ku dube ta da kyau, ku riƙe kamanninta, duk inda kunka gan ta ku kore ta."

Na manta da abu ɗaya. Kwamfutata idan ta kunnu, kafin komai, hoton da na sa a ƙofarta take fara nunawa. Hoton kuwa na ranar salla ne.

Ta kai ɗari. Zanen ya yi haske. Sai ga ni, daga rufi har ƙasa, cikin farar shadda, da baƙin tabarau, na tallafe haɓa da hannu don agogo ya fito, ina wani murmushi na gefen baki da mai hoto ya ce yana yi mini kyau.

Ba wanda ya yi motsi. Suka dubi zanen, suka dube ni, suka sake duban zanen. Rugga Altine ya gyara rawaninsa a hankali ya ce, "Ashe da tabarau takan zo."

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Sanduna suka zube, wani ya fita waje da gudu don ya kira ɗan'uwansa. Mushe Isaka ya sauko daga kan buhu ya kwanta a cikin dusa. Na yi sauri na danna bidiyon, ya ƙi buɗewa, sabon tsarin ya ce bai san irinsa ba. Wato gyaran da aka yi ta jira ke nan. Kunya ta kama ni, na kuma ji haushi, na kwamfutar, na Mushe, na mai hoton ma.

Amma ban zare waya ba, ban kuma nemi ƙofa ba. Na je na tsaya a gaban zanen, ƙatuwar fuskata a bayana, na jira dariyar ta lafa. Na ce musu ɗigon da suka gani ba ƙwaya ba ce, na'ura ce ke gyaran kanta ba da izinina ba, ni kuma na ji tsoron su tashi shi ya sa na ce ita ce. Na ce su yi ta dariya har magariba, na ci. Amma duk abin da na faɗa game da cutar, wanda ya ji ƙarya a ciki ya miƙe ya nuna mini. Sannan na juya ga dattijon.

"Rugga, shanunka da sunka mutu bara, ba hakanan sunka yi ba? Tari, da miƙe wuya, da buɗe hannuwa in za su numhwashi? Ba wadda ta yi awa ta warke, sannan na kusa da ita sunka hwara?"

Dariyar ta yanke. Rugga ya ce akwai wata jar saniya da ya gada daga garken mahaifinsa, ita ce ta yi haka, kuma 'ya'yanta ne suka fara tafiya kafin ita. Ya dafa sandarsa ya miƙe, sauran suka bi shi, aka bar ni da Mushe da hotona muna kallon juna. Na naɗe zanen gadon ina ganin shi ke nan, na kashe aikin da hannuna. Abincin kirki ban ci ba a kwanakin da suka biyo baya.

Ranar allura na je wurin da muke tare shanu tun da safe, ba don ina sa rai ba, don dai kada a ce na ɓuya. Rana ta ɗan ɗaga sai na ji kukan shanu ta gabas. Garke bayan garke, Rugga Altine a gaba.

"Ciwon Huhu," ya ce, "ga su nan. Amma kai za ka soka da hannunka. In wuya ya kumbura na san huskar mai laihi, na gan ta babba."

Na soka har hannuna ya sage. Wuyan biyu-uku ya ɗan tasa ya sace, garkunan suka haura arewa, suka dawo da kaka.

Mushe Isaka ya ce darasin shi ne mutum ya yi mizajur a kan lokaci. Wannan darasinsa ne, ya riƙe abinsa. Nawa shi ne, in na'ura ta rubuta maka abu, karanta kafin ka rufe murfi, kuma kada ka yi wa jama'a alkawarin abin da zai fito a zane sai ka tuna abin da ka sa a ƙofa. Har yau in ta tambaye ni "daga baya" nake dannawa. Matata ta ce ko don mutunci in canza hoton nan. Na ƙi. Hoton ya yi kyau, kuma a duk Kurfai babu fuskar da ta kai shanu wurin allura kamar wannan.