Rasuwar Kariyar Babur ɗin Malam

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin nauyinsa, ni Fatsuma, matar marigayi Malam na Sakajiki, nake sanar da dangi da maƙwabta na Ƙaura, Shinkafi da Zurmi rasuwar kariyar babur ɗin gidanmu, wato ƙarfen nan na baya inda ake ɗaure kaya. Ta rasu ranar Laraba da hantsi a hanyar Kasuwar Daji, tana ɗauke da buhun albasa, bayan jinyar damina guda. Shekarunta talatin da ɗaya.

Sunan Malam ba zai fito a nan ba. Bakina bai taɓa kama shi ba, alƙalamina ma ba zai soma yau ba. Wanda ya yi Arabiyya a firamaren Sakajiki ya san wanda nake nufi.

Marigayiya ta shigo gidan nan tare da babur ɗin, fara tas kamar sabon faranti. Mai haƙuri ce. Ta ɗauki allunan makaranta da buhunan gero, ta ɗauki ragon suna yana shure-shure, ba ta taɓa lanƙwashewa ba. Amma babban aikinta ni ce. A zamaninmu matar malami ba ta riƙe ƙugun mijinta a bainar jama'a, ko da hanya za ta jefar da ita. Sai in zauna a karkace, in miƙa hannu baya in kama kariya. Awarwarona na azurfa guda huɗu ne, kuma duk ramin da munka faɗa sai sun ci ƙarfen. Muryarta ke nan da na sani: cakas, cakas, cakas. In Malam ya ji ta yi yawa sai ya sassauta gudu, bai waiwayo ba. Da haka muke hira daga Ƙaura har Zurmi.

Shekara da shekaru, sai gefenta na dama ya cika da karce. Ni kuwa na san su ɗai-ɗai. Akwai dogo mai lanƙwasa, na ranar da akuya ta gitta mana a mashigar Shinkafi muna zuwa bikin ƙanwata. Akwai biyu gefe da gefe, na ranar da naƙudar autana Jelani ta kama ni a hanya. Akwai wani mai zurfi da ba zan faɗi ranarsa ba, mun dai yi faɗa, kuma ni ce da gaskiya. Da Malam ya rasu bara waccan, anka jingine babur a zaure. Nakan fita da safe da tsumma wai zan share ƙura, sai in bi karcen nan da yatsa, kowane ya gaya mini ranarsa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wannan laifina ne, in rubuta shi tun da wuri.

Ga yadda ciwon ajali ya soma. Jelani yaron kirki ne, yana aiki a sakatariya, yana son komi tsaf. Gab da babbar salla ya tura babur ɗin wajen Terhemba, mai waldan nan ɗan ƙabilar Tibi da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, ya ce a goge masa kowane ƙarfe har ya ga fuskarsa a ciki. Terhemba ya zo da kansa daga baya ya rantse mini cewa ya ja kunnensa. Ya ce masa farin nan na sama fata ce siririya, kamar ɓawon albasa. Ƙananan karce, man goge ƙarfe da tsumma sun ishe su, amma masu zurfi sai an bi su da samfefa, takardar nan mai yashi, har an tarar da baƙin ƙarfe, kuma in fatar ta tafi, ruwa ba ya yi wa ƙarfe kara. Jelani ya ce shi dai uwarsa ba za ta hau abu mai tabo ba ranar salla, mutane su ce Malam ya bar 'ya'yan banza.

Kwana biyu Terhemba yana aiki. Ya fara da samfefa mai kaushi, ya koma mai laushi yana jiƙa ta da ruwa, ya gama da injin goge. Aiki ya yi kyau, kar in ci haƙƙinsa. Jelani ya turo babur har tsakar gida yana murmushi, ya ce in fito in gani. Na fito. Na ɗora yatsa, yatsa ya zame. Na sa masa albarka, na koma na ƙarasa tankaɗen da nake yi.

Damina ta sauka, tsatsa ta kama marigayiya ta gefen daman nan. Anka shafa mata baƙin mai, anka yi mata fenti, tsatsa ta ci ta ƙarƙashi. Muryarta ta koma ƙiƙi-ƙiƙi, kamar tsohuwar ƙofa. Ranar Laraba Jelani ya ce abin da ya ji kawai shi ne ƙas, sai albasa ta watse a titi. Terhemba ya duba gawar, ya ce ƙarfen ya yi siririn da walda ba za ta kama ba.

Ta bar tanki, wanda ke yoyo kaɗan, da salansa, bututun hayaƙin nan mai tari, da madubi guda, ɗan'uwansa ya riga ta tun zamanin Malam. Ta bar igiyar roba da ba ta da abin riƙewa yanzu. Ta bar awarwaro huɗu a cikin kwano. Ta bar Jelani, wanda sai jiya matarsa Fauziyya ta fahimtar da shi abin da nake yi a zaure kullum safe, ashe tana lura da ni ta taga. Tun jiyan bai ci abinci ba, kuma ba ya iya haɗa ido da ni.

Ana tambayata yaya nake ji. Ba na jin komi. Ina cin tuwona, ina sallata. Abu guda dai na lura: da na zauna in jero ranakun nan da ka, ba yatsa a kan ƙarfe, sai sunka ƙi zuwa. Na san akwai wani ƙarami kusa da kusoshi, na san na murna ne, amma na rasa ko ina za mu.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar a gidanmu na Ƙaura. Masu sayen tsoffin ƙarafa su yi haƙuri, kar su tsaya a ƙofa. Za a naɗe ta a tsohon zanena, a rufe ta a gindin lemun tsamin bayan ɗaki, Jelani ne zai yi haƙa, Terhemba an gayyace shi. Kar kowa ya yi wa Jelani faɗa. Wanda zai iya, ya zaunar da shi ya ci abinci.

Ba na son goro, ba na son gero. Duk wanda ya taɓa ganin Malam ya goyo ni, a ko'ina ne, ya zo ya faɗa mini inda ya gan mu da inda za mu. Tabarma na nan a shimfiɗe har kwana uku, littafi da alƙalami na hannuna. Waɗanda hanya ta hana, su aiko da saƙo ta bakin direbobin Zurmi.