Jirgin Yaƙin da Na Yi wa Yaɓe

Har in tsufa ba zan manta da ranar da jirgin yaƙina ya narke a gaban 'yan ajinmu ba. Muna aji biyar na sakandare a Ɗambatta, malamin tarihi, Malam Isyaku, ya ce kowacce ta ƙera wani abu daga darasin yaƙin duniya na farko. Wadda nata ya fi kyau, ita za a kai gasa Kano. Ni kuwa ban taɓa kwana a Kano ba, don haka na ce wannan tafiya tawa ce.

Na zaɓi siririn jirgin ruwan nan mai bututun hayaƙi huɗu, wanda aka ƙera don gudu, yana raka jiragen kaya a teku yana farautar masu nutso ƙarƙashin ruwa. (Ni da babban ruwan da na sani shi ne kududdufin bayan gidanmu.) Na haɗa shi da karan dawa, yadda muke motar kara. Kakata, Iya, ta ce ai duk kafa ce, ruwa zai shiga, in yaɓe shi kamar katanga. Na kwaɓa jar ƙasa na yaɓe shi tas, har bututun da bindigogin duk na ƙasa ne. Ta ce in gwada a baho tukuna. Na ce ba ni da wannan lokacin.

Ranar nuni na zuba bayani kamar da ni aka yi yaƙin. Malam ya ce ya isa, in zauna. Ni da bakina na ce, "Malam, nawa fa har iyo yake yi."

Aka kawo baho. Ina sakinsa ya kife, ruwan ya koma kamar kunun kanwa, karare suka taso ɗaya bayan ɗaya. Wata daga baya ta ce, "To, Allah ya jiƙan sojojin ciki." Ajin ya kwashe da dariya. Na ji kamar in bi jirgin cikin bahon.

Malam bai yi dariya ba (to, ya ɗan yi). Ya tambaye ni me ya kifar da shi. Na ce nauyi a sama, ga ciki siriri. Ya ce maƙeran na gaske ma sun yi fama da wannan, ya ba ni mako guda.

Na sake shi da gwangwani, na jera ƙusoshi a gindinsa, na gwada a bahon Iya har ta gaji ta ƙwace abinta. Kano kuwa na je.

Har yau bakina yana riga ni, amma yanzu kafin in ce abu yana iyo, sai na nemi baho.