Tutar Nomau Tela Da Ta Ƙi Yagewa

Da sunan Mai iko muke buɗe baki, sa'an nan mu ja alƙalami a kan nasabar gwarzo, Malam Nomau Tela, ɗan Jatau Mai Allura, ɗan Barmo Sarkin Ɗinki, ɗan Gagare wanda ya ɗinka wa wani maharbi walki, maharbin ya mutu ɗansa ya gada, ɗan ya mutu jika ya gada, walkin yana nan a Ƙauran Namoda bai ce uffan ba. Gida ne da tun kaka da kakanni ba a taɓa maido musu da aiki an ce ɗinki ya farke ba. Daga wannan tsatso Nomau ya fito: na Tabawa gagara almakashi, dodon shadda, ma'abocin kalmasa biyu da ƙari, wanda zare ke shiga hannunsa ya yi sallama da tsinkewa.

Bayan haka, ku sani ƙaddara ta ɗauki wannan bawan Allah yana da shekara sittin da ɗoriya, ta tsallaka tekuna da shi da matarsa Tabawa, ta dire su a wata unguwa a gefen birnin Malbon na ƙasar Ostireliya, inda 'yarsu take aikin jinya. Ya kafa keken ɗinkinsa a garejin gidan yana rage wa Turawa tsawon wando. A bayan gidan akwai fili, a nan ya yi karo da abin da mutanen ƙasar suke kira ƙwallo. Ita ƙwallon siffar gwanda gare ta, filin zagayayye ne, a kowane ƙarshe sanduna huɗu ne a tsaye, ba raga ba mai tsaron gida. Maza goma sha takwas-takwas suke fitowa cikin singileti, su harba ta da ƙafa, su naushe ta da hannu, wani ya taka gadon bayan wani ya cafke ta a sama, alƙali yana kallo bai ga laifi ba. Ranar farko da Nomau ya leƙa ta katanga ya zaci faɗa ake yi, har ya nemi takalminsa zai je rabo. Kafin Asabar ta uku an gan shi da ƙyalle ja da fari, launin ƙungiyar unguwar, a wuya yana yi wa alƙali faɗa da Hausa.

Ƙungiyar unguwar sunanta Agwagin Ƙorama, rabonta da kofi tun ba a haifi mafi yawan 'yan wasanta ba. Magoya bayanta suna da majalisa a gindin allon maki, inda ake yanke wa kowa hukunci ba tare da an kira shi ba. An yi ijma'i cewa koci bai san aikinsa ba. An yi ijma'i cewa shugaban ƙungiya, Mista Kilifod, marowaci ne na ƙin ƙarawa. Mas'ala ɗaya ce manyan majalisa suka yi saɓani a kanta, wato Fagas, babban ɗan tsalle na ƙungiya, mai gyaran famfo a ranakun aiki, wanda Nomau ya laƙaba wa Dogo. Wasu suka ce gwiwarsa ta ƙare, gudunsa na mai neman makullin da ya faɗi ne. Nomau ya ce ƙarya ne. Shekara uku yana kare shi da Turancinsa na tela, in Turancin ya ƙare ya ci gaba da hannu. Son Dogo yake yi tsakani da Allah, domin ranar da ya fara zama a filin, baƙo, ba mai ko kallonsa, Dogo ne ya tako har bakin shinge ya miƙa masa hannu ya tambayi sunansa, kuma bai manta da sunan ba.

To, mutanen nan suna da wata al'ada. Kafin kowane babban wasa magoya baya sukan manna takardu masu launi, sirara kamar ɓawon albasa, su haɗa tuta mai tsayin bango, su rubuta kirari a jiki, su ɗaga ta a kan sanduna biyu da igiyoyi. 'Yan wasa su fito a guje su ratsa ta tsakiya, ta yage fata-fata, a tattake sauran a ciyawa. Tun ranar da Nomau ya fara ganin haka zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya sami Doroti, tsohuwar da ta shekara talatin tana shugabantar masu manna tutar, ya kai ƙara.

"Noma," in ji ta, don haka take kiransa, "ai don a yaga ake yin ta. Haka muka taso muka gani."

Nomau ya gyaɗa kai don ladabi, amma ya san wannan magana. Duk telan da aikinsa ya farke cewa yake yi yayi ne. Ya ƙudurta a ransa cewa Kilifod ne ya hana a sayi yadi, mutanen kirki suke rufa masa asiri da sunan al'ada.

Ana nan, a shekarar da aka yi wannan waƙi'a, Kilifod da 'yan kwamitinsa suka zartar cewa wasan Dogo na ɗari uku shi ne na ƙarshe. Majalisa ta rabu biyu, rabi suna cewa an yi daidai amma don mugunta aka yi, rabi suna cewa an yi zalunci. Ana saura kwana goma Doroti ta zame a tsani ta karya tsintsiyar hannu. Ta kira Nomau, ta damƙa masa ƙunshin takardu ja da fari da salatif kwali guda, ta ce, "Kai tela ne, ka fi mu iya awo. Ka rubuta sunan Fagas da ɗari uku, babba, yadda na bayan fili zai gani."

Sadauki ya karɓi amana. Ya kai takardun gida ya ajiye su a saman kwaba, ya hau bas zuwa inda ake sayar da kayan zango, ya dawo da yadin tanti, irin wanda iska da ruwa suka gaji da shi, da zaren dukawa ƙulli shida. Tabawa ta leƙo garejin ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Malam, ita matar nan ba takarda ta ba ka ba?"

"Ta ba ni."

"To wannan fa? Tanti za ka kafa mana?"

"Tabawa, sunan mutum za a rubuta. Shekara goma sha bakwai yana karya ƙashinsa dominsu, ranar sallama kuma a yaga sunansa a bi ta kai da takalmi? Ba da ni ba. Wannan in an gama ninke ta za a yi a ba shi, jikokinsa su gani."

"To su ta ina za su wuce?"

"Mai hankali in ya ga bango ai zagayawa yake yi."

"Kai dai ka gaya musu."

Bai gaya musu ba. A ganinsa kyautar da aka yi shelarta kafin ta iso ta rage daraja. Tabawa ta ce Allah Ya kyauta, ta koma kan tukunyarta.

Daga nan aka buga gangar yaƙi. Kwana tara barde yana fafatawa daga hantsi zuwa la'asar, ƙafa a kan feda, tabarau a kan karan hanci, abin awo a wuya, yadi yana turjiya shi yana dannawa, keke yana ruri har karen maƙwabta ya daina haushi ya koma saurare. Allura bakwai suka kwanta dama a fagen fama, ta takwas ta lanƙwashe aka yi mata ritaya. Ya yanka harufan sunan Dogo daga jan yadi, kowane harafi tsayin ƙofa, ya ɗora su ya bi gefensu sau biyu, ya yi wa 300 haka nan. Da yake faɗin yadin bai kai ba, sai ya haɗa ƙyalle biyu da ɗinki ɗaya daga sama har ƙasa a daidai tsakiya. Nan ne ya san abokan gaba za su nemi rauni, saboda haka ya bi wurin sau uku, ya ninke, ya sake bi.

Ranar Asabar da azahar jama'a suka cika fili, domin Agwagi za su kara da Jiminun Tudu. Sai da maza huɗu suka kama kafin a sauke tutar daga mota. Barni, direban bas kuma shugaban masu riƙon igiya, ya shafa ta ya ce, "Noma, wannan ai yadi ne."

"Yadi ne," in ji Nomau, yana kallon nesa kamar abin bai dame shi ba.

Barni ya ga ɗinkin tsakiya, ya tuna akwai ƙungiyoyin da suke yin tutar yadi su ɗan kama tsakiyar sama-sama don ta buɗe da zarar an taɓa. Ya ji nauyin ya tambayi dattijo, baƙo, tela, yadda ya yi ɗinkinsa. Sauran suka ga Barni ya duba bai ce komai ba, su ma suka yi shiru. Aka ɗaga, maza takwas suka ja igiya suka kafe dugadugai. Sunan Dogo ya tsaya a sararin Allah, fili ya ɗauki tafi, Nomau ya ji ƙirjinsa ya cika har ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Sai ƙofar ɗakin 'yan wasa ta buɗe. "Agwagi! Agwagi!" jama'a suka ɗauka. Dogo ne a gaba, ingarman namiji, kafaɗa kamar ƙyauren shago, rundunarsa tana biye, yana gudun da rabon gwiwarsa da irinsa shekara biyar. Nomau ya jira ya ga ya rage sauri ya karanta sunansa. Bai rage ba. Ya sunkuyar da kai ya nufi ɗinkin tsakiya, kamar yadda ya saba yi tun yana saurayi. A nan Turancin Nomau ya gudu ya bar shi.

"Dogo, zagaya! Zagaya, don Allah!"

Marubuta sun yi saɓani a kan ƙarar da aka ji, amma sun haɗu a kan abin da ido ya gani. Tuta ta lotsa ta karɓi Dogo, ta yi ɗan tunani, ta maido shi. Ya faɗo kan na bayansa, na baya ya faɗa kan na bayansa, rundunar Agwagi ta taru wuri ɗaya ƙafafu a sama, maza takwas kuwa suna riƙe da igiya bilhaƙƙi don ba wanda ya ce su saki. Ɗaya bayan ɗaya mayaƙa suka miƙe suna kakkaɓe ciyawa, suka zagaya ta gefe. Dogo bai miƙe ba. Gwiwar nan da majalisa ta shekara uku tana mujadala a kanta ta yanke hukuncin da kanta, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar majinyata tun alƙali bai busa ba.

Aka sa wani matashi a gurbinsa, Agwagi suka lallasa Jiminu. Majalisa ta zauna nan take ta yi ijma'i cewa laifin Kilifod ne. Ba wanda ya ce wa Nomau ko kanzil, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ya ninke tutar shi kaɗai, ya ja ƙafa zuwa ɗakin 'yan wasa, ya tarar da Dogo a kan benci da ƙanƙara a gwiwa da auduga a hanci.

"Noma, kai ka ɗinka?" in ji Dogo.

"Ni ne, Dogo. Ka yafe mini."

"Aiki ya yi kyau. Ban taɓa karo da irinsa ba." Ya yi dariya, ya dafe gwiwa. "Sai dai lambar. Wanda bai shiga wasa ba, ba a ƙirga masa. Ɗari biyu da casa'in da tara na tsaya."

"Mako mai zuwa fa?"

Dogo ya dubi gwiwarsa, ya girgiza kai, ya dafa kafaɗar tsohon. Nomau ya yi kuka a gaban maza, bai ɓoye ba.

Washegari da hantsi ya shimfiɗa tutar a garejin ya bi ɗinkin tsakiya da yatsa daga sama har ƙasa. Ko zare ɗaya bai motsa ba. Ya ji baƙin ciki, ya kuma ji wani ɗan daɗi can ƙasan zuciya, kuma daɗin ne ya fi ba shi kunya. Amma ba zai kai wa mutum kyauta da ƙarya a jiki ba. Ya yanka 299 daga ragowar jan yadi ya ajiye a gefe, ya ɗauki reza ya durƙusa a kan 300 zai farke.

Tabawa ta kawo masa shayi, ya huce, ta ɗauke, ta kawo tuwo. Har aka yi la'asar sifiri ɗaya bai gama fita ba.