Ranar da Motata ta Tashi Ina Tsugune

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar matata a unguwar Aboabo ta Tamale ba, kuma gara in faɗa tun ba a tambaye ni ba: laifina ne daga farko har ƙarshe. Ba na mota ba ne, ba kuma na matata Sanatu ba, duk da ita na fara nunawa da yatsa.

Zafin Tamale ne ya ja ni. Wanda ya taɓa shiga motar da ta wuni a rana a garin nan ya san yadda kujera ke gasa mutum. Sai na ga wani Bature a waya, yana cikin ɗakinsa ya danna ɗan rimot, motarsa ta tashi a waje ita kaɗai. Na ce ni ma sai na yi, mota ta yi sanyi kafin in fito. (Gaskiya ba sanyin ne ya fi damuna ba. So nake a ce ni na fara a unguwarmu.)

Na sa aka kawo mini na'urar daga Kumasi. Sanatu ta ce, "Baban Rashida, ka kai wa makanike mana." Na ce, "Wayoyi nawa ne? Ja da ja, baƙi da baƙi." Na kwanta ƙarƙashin sitiyari ina zufa, na haɗa, na danna. Shiru. Motata mai giyar hannu ce, ba ta tashi sai an taka kuloci. Maimakon in tambayi kaina me ya sa masu ƙera ta suka yi haka, sai na lalubo wayoyin kulocin na haɗe su, na naɗe da salatif. Na danna, ta tashi. Har maƙwabta na kira su gani.

Ga abin da ban tuna ba. Birkin hannun motar ya daɗe da mutuwa, kuma ni da bakina na koya wa Sanatu cewa duk inda ta tsaya ta bar ta a giya ta ɗaya, kada ta gangara. Ranar gwaji kuwa ba ta cikin giya, dutse ne a ƙarƙashin taya.

Ranar biki an tare titi da rumfuna, mata sun jera baburansu a gefe, ana ta girki. Sanatu ta ɗauki motar ta kwaso ruwa da lemo daga kasuwa, ta ajiye ta bayan baburan, ta miƙo mini makulli, rimot ɗin na rataye a jikinsa. Na jefa a aljihu, na nufi wajen surukina, Baba Alhaji, da ke zaune da dattawa.

Dangin Sanatu Dagomba ne, gaisuwarsu ba a tsaye ake yin ta ba. Za ka tsuguna, dattijo yana tambayarka gida da aiki da gajiya, kana amsawa "Naa, naa." Wandon bikin nan tela ya matse shi (ko kuma ni na ƙara tumbi, Allah ya sani). Shi rimot ɗin sai an danne shi na ɗan lokaci yake aiki, gaisuwar dattawa kuma ba ta da gaggawa.

Ina cikin "naa" na ji ƙarar injin da na sani. Na waiga. Motata ce ke tahowa a hankali, babu kowa a ciki. Ta ture babur na farko, shi ya ture na kusa da shi, haka suka yi ta zubewa har ƙarshen layi. Ta daki ƙafar rumfa, rumfa ta rufta kan ƙawayen amarya, sannan tayarta ta faɗa kwata, inji ya mutu. Wata tsohuwa tana ta salati tana cewa aljanu ne. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni, sai madubai da suka farfashe da ɗankwalaye da suka tuje.

Da a nan abin ya tsaya, da dariya kawai za a yi mini. Amma kunya ta rufe ni, na miƙe na daka tsawa a gaban iyayenta da dangin ango: "Sanatu! Wa ya ce ki bar mota a giya? Shi ya sa ba na son ba mace makulli!"

Ta dube ni, tire a hannunta, ta ce a hankali, "Kai ka ce." Ta juya ta shige gida. Baba Alhaji ya ci gaba da jan carbinsa.

Biki ya watse, Sanatu ba ta dawo gida ba. Na cire na'urar, na bi masu babura ɗaya bayan ɗaya na gyara abin da ya lalace. Nan na koyi cewa in ka ga an sa wani abu don ya hana ka, ka nemi dalili kafin ka naɗe shi da salatif. Kuma mota marar direba ba ta kai bakin mai jin kunya ɓarna ba.

Da na je wurin surukina, ya ce, "Ba ni ka yi wa ihu ba. A gaban mata ka yi, can za ka gyara."

Na shiga tsakar gida, goggonninta na zaune suna wanke tukwanen biki. Wata ta ce, "A matsa, ga injiniya ya zo." Na wuce gaban Sanatu. Na ce, "Maman Rashida, ni na haɗe wayar, ni na ce ki riƙa barin ta a giya, aljihuna ne ya tayar da ita. Ba ki yi komai ba sai abin da na ce, na kunyata ki a bikin ƙanwarki. Ki yafe mini, don Allah."